Tsagar Kunnen Akuya

Wani mutum ya kama kunnen akuyarmu a bakin kogi, ko sallama babu. Wani attajirin garin Darki ne ya ba Inna ita bayan fari ya cinye gonarmu, ta yi kiwo mu rayu. A ɓoye ya bayar don kada ladansa ya ragu, amma tsagar gidansa tana kunnen akuyar.

"'Yar makaranta da sata," in ji mutumin da ya gane tsagar, ya ja ni gaban mai unguwa.

Attajirin ya ji, ya yi shiru. Ladansa yake tattali, mutuncina kuwa oho. Sai da Inna ta zauna a zaurensa ta ƙi tashi sannan ya aiko wa mai unguwa cewa shi ya ba mu akuyar. Da la'asar mai unguwa ya ce, "Tashi, 'yata, ba mai taɓa ki."