Gwaggo Kwastam, Mai Shinshina Kwanon Yara

Kafin a buɗe ƙofar firamaren da ke ƙarshen layinmu, Gwaggo ta riga ta share azuzuwa, ta cika bokitin wanke hannu, ta jawo ɗan teburinta mai gajeriyar ƙafa ta tokare shi da bulo a bakin ƙofa. Nan take tsayawa. Duk yaron da ya iso sai ya sauke jaka ya buɗe kwanon abincinsa. Ta ɗaga burodi ta leƙa ƙarƙashinsa, ta kai hanci, ta rufe. In biskit ne sabon shigowa, sai ta riƙa juya ledar tana kallonta kamar surukin da bai kwanta mata a rai ba. Iyaye suka sa mata suna Kwastam. Ta ji, ba ta musa ba.

Ba don wannan aka ɗauke ta ba. Aikinta shara ne, da kai ƙananan yara ban ɗaki, da share majina. Teburin ya samo asali ne ranar da wani tela ya kawo 'yarsa aji ɗaya, yana murza hula a hannu. Ya ce yarinyar ta taɓa ɗanɗana gyaɗar nan da ake kira wolnot, mai ɓawo kamar dutse, wadda in an fasa ta sai ka ga kamar ƙwaƙwalwar mutum. Nan take leɓɓanta suka kumbura, maƙogwaro ya toshe, da ƙyar aka kai ta asibiti da sauran numfashi. Likita ya ce ko ɓarɓashi kada ya sake shiga bakinta. Shugabar makaranta ta tausaya, ta sanar a taron safe, kowa ya ce Allah ya kiyaye. Gwaggo da ke shara a bakin taga ba ta yarda da sanarwa ba. Washegari aka ga tebur.

Abin da ya ƙara mata aiki shi ne lokacin ne gyaɗar ta shigo yayi. Kowa ya ji tana gyara zuciya, tana rage mugun kitse a jini, tana wasa ƙwaƙwalwa. Ni ma likita ya ce in riƙa cin cikin tafin hannu ɗaya a rana, sai dai bai duba girman tafin hannuna ba. Tumbi ya ƙaru, ciki ya riƙa ƙugi a tsakiyar mutane. Ƙwaƙwalwar kuwa har yanzu ina jira, don sau da yawa nakan manta inda na ɓoye gwangwanin gyaɗar. Amfaninta gaskiya ne, ban ce ƙarya ba ne. Amma abin da yake lallaɓa zuciyar ƙato irina zai iya tsayar da numfashin 'yar tela kafin a samo mota.

Saboda haka Gwaggo ba ta yarda da kowa ba. Uwa ta rantse babu komai a kek ɗin zagayowar ranar haihuwa, Gwaggo ta tambayi wanda ya gasa shi, da abin da aka gasa a farantin kafin shi. Kaka ta ce ai ɗan kaɗan ne aka sa a abincin, Gwaggo ta ƙulle shi a leda ta miƙa mata da hannu biyu cikin ladabi. Autana ya taɓa dawowa yana ba ni labari an shinshina masa yatsu.

Mu ma ba mu yarda da ita ba. Wa zai tsaya yana buɗe kwano ɗari kullum babu abin da yake samu? Aka fara cewa abin da ta ƙwace cikinta yake tafiya. Wanda ya fi ɗaga murya wani direban babbar mota ne, da kan sayo gyaɗar a hanya in ya dawo daga tafiya. A taron iyaye ya miƙe ya ce a duba kumatun Kwastam, tun da aka kafa tebur suke sheƙi. Aka yi dariya. Tana tsaye a baya da tsintsiya. Da safe kwanon 'yarsa ta fara buɗewa.

'Yar direban ita ce ake kira Rediyo, don tun daga kwanar layi ake jin muryarta, kuma ita ce babbar ƙawar 'yar tela. Wata safiyar jarrabawa, ina tsaye na kawo auta, Rediyo ta iso shiru. Ta gaida Gwaggo da ka kawai. Kwano lafiya, jaka lafiya, aljihu babu komai. Gwaggo ta ce ta wuce. Amma idonta bai bar bayan yarinyar ba, yadda take taka ƙafar hagu a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai. Sai ta ce mini in tsare mata teburin, kada in taɓa komai, ta bi ta.

Malamar aji uku ce ta ga sauran. A bayan famfo, Rediyo ta zaro ɓallen gyaɗar daga cikin safa, 'yar tela ta buɗe baki, Gwaggo ta cafke wuyan hannun a iska. Ba ta daki kowa ba. Ta wanke musu hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta zaunar da 'yar tela a gabanta tana kallon leɓɓanta har hankalinta ya kwanta. Rediyo tana kuka tana cewa babanta ya ce gyaɗar tana buɗe kai, ƙawarta kuma lissafi yana ba ta wuya, so take ta ci jarrabawa kada a raba musu aji.

Da aka tashi, direba ya zo da shirin faɗa. Gwaggo ta ɗora masa ɓallen a tafin hannu, ta gaya masa daga safar 'yarsa ya fito.

"Malam, kada ka taɓa 'yar nan taka, zuciyarta ce mai kyau," in ji ta. "Ni kuwa masu zuciya mai kyau nake gadi. Marowaci bai taɓa ba ni wahala a ƙofar nan ba."

Ya dubi ɓallen da ke hannunsa. Daga baya ya tambayi inda shagon telan yake.

Gwaggo, ke ce kika yarda a kira ki ɓarauniyar abincin yara, don dai wata yarinya ta koma gida da ƙafarta. Ke ce mai hancin da ba ya karɓar rantsuwa. Ba ki taɓa cewa gyaɗar mugun abu ba ce. Kin dai ƙi yarda cewa abin da ya karɓi wani ya karɓi kowa.

Makon jiya aka yi mata walimar ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Direba ya kawo kyauta a nannaɗe, ta girgiza ta a kunne, ta ce ya buɗe da kansa. Amma tela yana gefe, fuskarsa ba walwala. 'Yarsa tana da sauran shekara a makarantar, tebur kuwa za a mayar da shi ɗakin ajiya. Ni da son a ce na kyauta, na ɗauko biskit daga faranti na miƙa wa yarinyar. Ta sa hannu a baya, ta dube ni tun daga tumbi har hula.

"Baba, me aka sa a ciki?"

Na ce ai biskit ne kawai.

"Ka gani da idonka, ko ce maka aka yi?"

Na mayar da shi faranti. Can ƙarshen ɗaki Gwaggo ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta ci gaba da shan lemonta. Sai a lokacin na ga tela ya saki hular da yake murzawa.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya huta da gwiwoyin nan, ya yafe mana dariyar da muka yi. Mu kuma da muka rage, kafin mu miƙa wa ɗan wani abin da muka ji yana gyara lafiya, mu ɗan yi kwastam, mu tambayi uwarsa tukuna.