Jar Laka a Sandar Malam

Wai har ku ne za ku cika mini waya da tambaya: me ya sa Kaka ba ta barin kowa ya fita gidanta sai ya faɗi inda za shi, da hanyar da zai bi, da ranar dawowa?

Wata ma cewa ta yi na cika sa ido. Ke, na girmi kakarki.

Ban yi boko ba, ban san kan taswirar da ke cikin wayoyinku ba. Amma ku natsu ku ji, sau ɗaya zan faɗa.

Wata rana, ina da goyon fari, muna zaune a wani ƙauyen masunta can cikin fadama, inda ruwa ya fi ƙasa yawa. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya kwashi ƙugiyoyinsa ya shiga kwalekwale. Laraba ce, da safe.

A bakin ruwa aka tambaye shi ina ya nufa. Ya ce gabas.

Ku da ba ku san masunta ba, masunci ba ya faɗin inda kifinsa yake, ko ga wanda suka sha nono ɗaya. In ya ce gabas, zai yi gabas ɗin har ya ɓace wa ido, sannan ya karkata. A wurinmu ba a kiran wannan ƙarya. Sana'a ce.

Laraba ta wuce, Malam bai dawo ba.

Sarkin Ruwa ya fitar da jirage tara. Alhamis, Juma'a, Asabar, duk suna gabas, suna kiran sunansa cikin ciyawa.

Ni kuwa na san ba ya gabas.

Bai taɓa faɗa mini ba. Amma ni ke wanke masa sandar tuƙi. Lakar gabas baƙa ce. Wata biyu ke nan sandar tana dawowa da jar laka a gindi, kuma duk fadamar wuri ɗaya ke da jar laka: arewa, bayan Tudun Dinya, inda muka je ɗibar bado sau ɗaya ina yarinya.

Na yi shiru. Nake cewa a raina, in na faɗa na tona asirin mijina. Ya dawo ya tarar da jiragen gari a kan kifinsa, da wane ido zan dube shi?

Ran Lahadi da sassafe na miƙa wa surukata goyon, na ce zan je itace. Na kwance ƙaramin jirgin mata, na yi arewa ni kaɗai. Ko gorar ruwa ban ɗauka ba.

Ban taɓa ganin safiya irin wannan ba.

Ruwan yana tururi kamar an sauke tukunya. Sama ta sauko ta kwanta a cikinsa, har na rasa wadda nake tuƙawa a kai. Furannin bado suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, farare, kamar mata na kwance lulluɓi. Wani zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kallona, bai ko motsa ba da na gifta.

Sai kacalla ta fara, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsawo. Hanya ta rabu biyu, na bi dama. Ta sake rabuwa. Ta sake.

Na ji tarin Malam a hagu. Na juya, babu kowa. Na ji shi a bayana. Can kuma na ji kamar mahaifiyata tana daka, ita da ta rasu da shekara shida.

Da hantsi ya yi, ban san ta inda na shigo ba. Abin mamaki, ban ji tsoro ba. Barci kawai nake ji, mai daɗi, irin wanda ba a so a tashe ka.

Nan na gan ta.

Wata tsohuwa, kwance rub da ciki a kan ƙaton gora irin na masunta, tana iyo a hankali tana tsinkar bado. Ban san ta ba, ban kuma sake ganinta ba har yau.

Na ce, “Sannu da aiki, Inna.”

Ta ɗago ta dubi jirgin, ta dubi rigata da nono ya jiƙa.

“Wa kike nema, 'yar nan?”

“Maigidana. Yau kwana huɗu.”

“Wa ya san kin biyo nan?”

“Ba kowa.”

“To ku biyu kuka ɓata ke nan. Shi ko a ina ne, ana nemansa. Ke wa ke nemanki?”

Barcin ya sake ni nan take. Na tuna a gida itace ake jira.

Ta ce in sa rana a kafaɗar hagu in koma. Ta ce duk inda hanya ta rabu, in kama kan kacalla in ɗaure, yadda ko makaho zai lalubo. Ta ce in je in buɗe bakina.

Ɗauri goma sha bakwai na yi. Tafin hannuna duk ya tsattsage.

Ana kiran azahar na isa bakin ruwa, na tarar maza na shirin sake yin gabas. Na tsaya gaban Sarkin Ruwa, ni da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, na ce, “Ranka ya daɗe, ba ya gabas. Yana bayan Tudun Dinya.”

Barau, ƙanin Malam, ya ce, “Yaushe kika sani?”

Na ce, “Wata biyu ke nan.”

Ya juya kan jirginsa arewa.

Muka bi ɗaurin nan har inda na tsaya, muka wuce. Bayan la'asar muka same shi a kan wani ɗan tudu na jar laka, da ƙyar ya ishi mutum kwanciya. Ƙayar kifi ta soke shi a ƙafa, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, iska kuma ta tafi da jirginsa. Saiwar bado yake ci.

Ya buɗe ido ya ƙirga jiragen, leɓensa duk a fashe.

“Dukkansu kika kawo?”

“Dukkansu, Malam. Sha ruwa.”

Ya rayu shekara talatin da ɗaya bayan nan. Amma yatsu biyu aka cire masa a ƙafar, kuma wanda ya cire ya ce da an kawo shi ran Alhamis, da ba a taɓa ko ɗaya ba.

Malam bai taɓa yi mini gori ba. Ni ce ke wanke masa ƙafar kullum, ina gani.

Darasi:

In za ka yi nisa, daji ko ruwa ko hanyar da ba mutane, ka faɗa wa mutum ɗaya gaskiyar inda ka nufa da ranar dawowarka. Ɓoye wa gari in kana so, amma ban da wannan ɗayan.

In naka ya ɓata, abin da ka sani ka faɗe shi a ranar farko, ko da zai yi fushi. Kada ka fita nema kai kaɗai. Ka ɗauki ruwa, ka bar alama a bayanka.

Ku tura wa direbobinku da 'yan kasuwarku, musamman mai taurin kan nan na gidanku, kun san shi.

Ku kuma na tsakar gida da nake jin dariyarku, a kashe wayoyin nan, a rufe kaji, kowa ya wanke ƙafa ya je ya kwanta. Ba zan maimaita ba.