Majinyacin Ɗakin Ajiya

Mai-Keke ake kiransa a asibitin, saboda tun yana saurayi aikinsa tura marasa lafiya a keken guragu, daga ɗakin haihuwa zuwa ɗakin hoto, daga can zuwa duk inda aka ce. Sai da furfura ta cika masa gemu sannan bayansa ya ƙi. Ya ɗaga wani ƙato wata ranar Talata, ƙugu ya amsa, tun daga nan bai sake miƙewa sosai ba.

A lokacin ne asibiti ya ɗauko wata malama ta koya wa likitoci da nas-nas duba mara lafiya ta waya, ana ganin juna a bidiyo. Ana neman wanda zai riƙa yin rashin lafiyar ƙarya, sai shugabar nas-nas ta tuna da shi.

"Baba, aikin zaune ne," in ji ta. "Nishi kawai za ka yi."

"Ranki ya daɗe, nishi ai ko ba a sa ni ba ina yi."

Aka ba shi kujera a ɗakin ajiya, tsakanin tsofaffin katifu da kwalayen safar hannu. Kowace safiya malamar ta faɗa masa ciwon ranar, ta koma ɗakin taro. Waya ta yi ƙara, ya ɗauka.

Da farko ya ba ta wahala. A ce ciwon kai, ya ƙara da na gwiwa. A ce ya nuna harshe, ya manna wayar a kunne, likita ya yi ta kallon duhu yana cewa, "Baba, fuskarka nake nema." Malamar ta yi faɗa, daga baya ta ƙyale shi, ta ce haka ma mutanen gida za su yi.

Ranar ciwon ƙirji ya dafe zuciya, ya saki wayar a ƙasa, ya yi shiru. Wata sabuwar nas ce a ɗaya gefen. Ta kira shi bai amsa ba, sai ta ture kujera ta fita da gudu, ta banko ƙofar ɗakin ajiya. Ta same shi yana gyara hula.

Malamar ta biyo ta. "Ki ɗauka wannan mutumin yana wani gari mai nisa. Da ƙafa za ki je? Wa ya kamata ki kira?"

Nas ɗin ta tsaya tana haki, hawaye na zuba. Mai-Keke bai ji daɗi ba. Ya ce, "Yi haƙuri, 'yata," kuma bai ƙara suma ba sai an gaya wa mutum tun da wuri.

A gida matarsa ta ce tunda ya iya ciwo haka, ba za ta sake yarda da shi ba in ya ce baya ya hana shi ɗebo ruwa.

Da aka gama horon, aka raba wa ma'aikata takardun shaida, shi aka tafa masa. Aka mayar da shi ɗakin wanki yana naɗe zannuwan gado a zaune, har ya yi ritaya. Yanzu yana zama da babban ɗansa, da safe yakan raka jikoki makaranta, a hankali.