Gindin Lallen Inna

Shekarun baya, da daminar da aka yi ruwa kamar ba za a daina ba, mahaifiyata ta zame a tsakar gidanmu da ke wani ƙauye a gefen Tsanyawa. Ta fito da buta, santsin taɓo ya kwashe ta. Ba ta karye ba, amma sai da ta yi wata tana jan ƙafa. Ni kuwa a lokacin ina ɗinki a Ungogo, na fara ganin haske a sana'a, har ina jin kaina wani babba. Na rantse kafin wata daminar sai na daɓe tsakar gidan nan da siminti, daga zaure har ƙofar banɗaki.

Da na kai mata maganar sai ta ce, "Ni da aka haifa a kan ƙasa, me zan yi da siminti?" Na yi ta naci. Ka san ni da kafiya. Daga ƙarshe ta sunkuyar da kai ta ce, "To, a yi. Amma kada a taɓa min wurin lallen nan."

Na san abin da take nufi, ko da yake ba daga bakinta na sani ba. A gindin lallen, kusa da rumbu, akwai wani tsohon kasko a kife. A ƙarƙashinsa 'yarta ta fari take, wadda ta rasu tun ba a yi suna ba, aka binne ta a cikin gida yadda ake yi wa jarirai a da. Gwaggona ce ta gaya min ina yaro, ta kuma ja min kunne. A wajenmu uwa ba ta ambatar ɗan fari, kunya ce, ko yana raye balle ya mutu. Inna ba ta taɓa cewa uffan a kanta ba. Abin da kawai muka tashi muka gani shi ne, kullum ta idar da alwalar safe sai ta je ta juye sauran ruwan butar a wurin.

Da rani ya yi na samo magini daga ƙauyen da ke gaba da namu, wani dattijo mai fara'a da kowa ke yabon hannunsa. Muka zaga gidan, yana auna da igiya yana nuna min inda ruwa zai riƙa gangarawa. Da muka zo wurin na ce, "Baba, ban da nan. Inna ta ce kada a taɓa mata lallenta."

Ya yi dariya ya ce, "Tsofaffi da lalle! Kar ka damu, ɗana, ko ganye ɗaya ba zai faɗi ba."

Wallahi maganar ta zo min har baki. Amma yaya zan buɗe baki in faɗa wa baƙo abin da uwata ta shekara arba'in tana rufewa? Kunyarta ta kama ni nima. Na bar shi ya ci gaba da awonsa.

Saboda leburori za su cika gidan, sai na kai Inna wajen ƙanwata da ke aure a Watari, ni kuma na koma shago don ɗinkin biki ya taru min. Ana cikin haka magini ya kira ya ce an gama, in zo in gani.

Ina shiga na tsaya cak. Tsakar gida fes, sumul, daga bango zuwa bango. Babu kasko, babu lalle.

"Baba, ina lallen?"

Ya kama hannuna cike da murna ya kai ni bakin magudana. Ga lallen can an dasa shi, an yi masa ɗan kewaye mai kyau, an zuba taki. Ya ce, "Da hannuna na cire shi, da ƙasarsa da saiwarsa. A can yana tare hanyar ruwa. A nan kuwa duk ruwan gidan shi zai sha. Ga kaskon ma na wanke na ajiye."

Na zauna a kan turmi. A nan na faɗa masa abin da na kasa faɗa tun farko. Bawan Allah ya dafe kai yana salati, hawaye na bin gemunsa. Ya ce bai yi zurfi ba, saiwar kawai ya bi, bai ga komai ba. Ya ce, "Me ya sa ba ka gaya min ba? Ni ma ina da biyu a bayan ɗakina."

Washegari na je na ɗauko Inna. Duk hanya na kasa gaya mata. Ta shigo, ta dubi simintin, ta dubi lallen a sabon wurinsa. Magini ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yafe min. Yanzu in kika ce, zan sa diga in fasa."

Ta ce, "A'a, Malam. Ba za a ɗaga mata diga a ka ba."

Karo na farko ke nan da na ji ta ambace ta, ko da da kalma ɗaya.

Sai ta cire takalmi. Ta koma ƙofar ɗakinta, ta tako a hankali tana ɗingishi, kamar yadda take yi kowace safiya, har ta tsaya a wani wuri da ni ban ga bambancinsa da ko'ina ba. Ta ce in miƙo mata kaskon. Ta kife shi a kan simintin, ta shafa bayansa. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Abin da kawai ta ce shi ne, "Aiki ya yi kyau. Allah ya yi albarka." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Inna ba ta sake zamewa ba har ta koma ga Allah, wannan kam simintin ya yi aikinsa. Lallen ma ya kama, ya fi da girma. Na daɗe da daina neman mai laifi. Dukkanmu ukun alheri muka nufa, kowa ya yi kara, sai karar ta yi mana yawa. Yanzu in abu yana da nauyi a baki, nakan daure in faɗe shi.

Amma akwai abin da har gobe yake ci min rai. Kwana na yi a gidan bayan an gama aikin. Da safe na leƙo na ga Inna ta idar da alwala, ta je gaban kaskon ta juye sauran ruwan butar. Ruwan bai shiga ko'ina ba. Ya bi gangaren da magini ya yi masa, ya wuce magudana. Ta tsaya tana kallonsa har ya ƙare.

Washegari ma ta sake zubawa.