Hon ɗin Surukin Baba Fiyus

Baba Fiyus ya shekara talatin da ɗoriya yana wayarin ɗin mota a wata rumfar kwano da ke bayan tasha. Bai taɓa sa sigari a baki ba, amma ramin laita da ya ɗaura wa motocin mutane ya fi gashin gemunsa yawa. A da direbobi na kunna taba da ramin, yanzu caja suke cusawa. Shi dai aikinsa bai canza ba: jar waya ta ɗauko wuta, baƙa ta kama jikin ƙarfe, fiyus a tsakani, salatif a kai.

Abu ɗaya yake ɓoyewa. Idonsa ya fara hazo, kuma ya tabbata ranar da direbobi suka gan shi da tabarau, ranar za su koma rumfar gaba. Matarsa ta yi magana har ta gaji.

"Idona garau yake," in ji shi, yana zuba gishiri a shayi.

Sai mijin 'yarsa Auta, wani malamin makaranta mai sanyin hali, ya sayi tsohuwar mota wadda ramin laitarta ya mutu, ya kawo wa Baba gyara. Baba ya kwanta ƙarƙashin sitiyari yana 'yar waƙa, ya lalubo wata waya da ya ga kamar ja ce, ya haɗa, ya naɗe. Ashe ruwan ƙasa ce, ta hon.

"Je ka, har jikokinka sai sun yi caji a nan!"

Bayan kwana tara motar ta tsaya a bakin rumfa. Auta ce ta fara fitowa, mijin na biye da ita kai a ƙasa.

"Baba, ina wuni? Malam, gaya masa mana."

"Baba, lafiya lau ne. Aiki ya yi kyau ƙwarai. Sai dai... akwai ɗan sauti."

"Ɗan sauti!" Auta ta fizge cajar ta cusa a ramin.

Motar ta kurma ihu. Mai faci ya yar da taya, kajin mai shayi suka watse, wani direba da ke gyangyaɗi a benci ya miƙe yana cewa, "Na matsa, na matsa!"

Ta zare, aka yi tsit. Ta mayar, ihu ya dawo.

"Kwana tara, Baba! Kunyarka ta hana shi magana. Bayan gari yake tafiya ya yi caji. Shekaranjiya ya manta ya cusa yana bin bayan motar shugaban makarantarsu."

Direbobi suka kewaye motar, dariya har da riƙe ciki. Baba kuwa bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya leƙa wayoyin, duk suka zame masa kala ɗaya. Ya daɗe a sunkuye.

Surukin ya cire tabaransa, ya miƙa da hannu biyu, yana kallon gefe. "Baba, ko za ka riƙe min? Gumi ke damuna."

Baba ya karɓa, ya ɗan juya shi, ya maƙala a hanci. Sai ga ja ta fito jawur, ruwan ƙasa na gefe abinta.

"La ilaha! Wane jakin ne ya yi wannan haɗin?"

Rumfa ta sake ɓarkewa, shi ma har da hawaye. Kafin mai shayi ya tattaro kajinsa, Baba ya mayar da kowace waya gidanta. Auta ta cusa caja, wayar salula ta kawo haske, mota ta yi shiru.

Direban benci ya matso. "Baba, tun da yau kana gani, duba min tawa. In na taka birki rediyo ke kamawa."

"Wa ya yi maka?"

"Kai, bara."

"To shigo da ita. Malam, zauna a sha shayi, tabaran nan sai yamma."