Sallamar Fada da Tsohonsa a Tashar Mafara

Ranar kasuwa ce a Talata Mafara. Gefen motar Maradun wani matashi yana tsaye cikin doguwar farar riga irin ta limaman Katolika, waɗanda ake ce wa Fada. Bai wuce shekara talatin ba. Rigar sabuwa ce, karin guga bai ma baje ba, amma takalminsa na roba ne, jakarsa guda.

Wani tsoho mai kaushin hannu ne ya rako shi. Hancinsu iri ɗaya, ina jin mahaifinsa ne.

Kamasho yana ihun saura mutum ɗaya. Matashin ya durƙusa zai yi sallama, yadda ɗa ke yi wa uba. Sai tsohon ya cire hula, shi ma ya durƙusa.

"Baba, don Allah tashi, mutane na kallo," in ji matashin.

"Ba ni tashi, Fada, sai ka sa min albarka. Hanyar ga ba ta da kyau."

Ban san abin da tsohon ya so wa yaron nan tun farko ba. Wataƙila gona da mata da jikoki, ga shi masu wannan riga ba sa aure. Wataƙila can inda za shi, Kiristoci ƙalilan ne suka rage, sun daɗe ba mai ja musu addu'a.

Matashin ya ɗora hannu bisa furfurar. Kamashon da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa ya tsaya yana jiransu.

Fada ya shiga mota da jar ƙasa a gwiwar farar rigarsa. Bai kakkaɓe ba.