Yadda Na Shafa Wa Dabbar Gidan Kafilina Mura

Da ƙarfe bakwai da kwata na safiyar wata Juma'a abin ya fito fili. Mu uku ne a ɗakina: ni, da wani abokina mutumin Maradi mai sauke kayan lambu a kasuwar Aziziya, sai kuma dabbar. A lokacin ni direba ne a gidan wani Balarabe a nan Riyad. Ni mutum ne mai tsari, ba na wasa da aiki, kuma ba na son a maimaita mini magana. Muna shan shayi sai aka yi atishawa. Abokina bai ko ɗaga kai ba ya yi addu'ar da ake yi wa mai atishawa, yana zaton ni ne. Sai da aka sake yi daga ƙarƙashin bargo sannan ya gane wadda ya roƙa wa rahama.

Bari in bi abin daki-daki. Ana kiran dabbar feret, doguwa ce siririya kamar tunku, kuma ta 'yar autan kafilina ce, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa. Da za su tafi hutu, yarinyar ta damƙa mini ita a gaban mahaifinta, ta nuna mini ɗakin dabbar inda na'urar sanyi ke aiki dare da rana, ta ce kada a kashe. Shi kuma ya ce in sun dawo zai sabunta mini iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, don ta kusa ƙarewa. Shi bai haɗa maganganun biyu ba, amma ni na haɗa su.

Ba su daɗe da tafiya ba mura ta kama ni, irin mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Mu a gida kowa ya san abin da ke kawo mura: sanyi, ruwan ƙanƙara, kwana a gaban fanka. Da na shiga kai mata abinci na ji ɗakin kamar firij, sai na ce idan sanyin mota ya kayar da ƙato kamata, ina ga wannan 'yar abu. Don haka na ɗauki matakai. Na farko, na kashe na'urar. Na biyu, na ɗauko ta zuwa ɗakina mai ɗumi. Na uku, da na lulluɓa zan yi sirace da na'ana'a da kanumfari, ta kutso cikin bargon, na ƙyale ta, har ina yaba hankalinta. Muna ciki tare, ina ta tari a kanta, ina ganin taimakonta nake yi.

Ran Juma'ar nan da na ɗaga bargon, idanunta na ruwa, hancinta na yoyo, ta ƙi kallon abinci. Abokina ya ce a ba ta citta da zuma, ko a gutsura mata ƙwayar zazzaɓin da nake sha. Da ya ga fuskata, sai ya ce in kwantar da hankalina, in ta mutu akwai gurbi a wajen sauke albasa, kuma albasa ba ta atishawa. Na ce masa ya ajiye kofin ya ɗauko keji.

Sai bayan la'asar muka samu likitan dabbobi a buɗe. Ya tambaya ko akwai mai mura a gidan. Kafin in amsa, atishawata ta amsa mini. Ya miƙo mini takunkumi, ya ce irin wannan murar daga mutum take kama feret, ta tari da atishawa da hannun da ba a wanke ba. Ya ce zafi ma yana galabaitar da ita, kuma da mun ba ta waccan ƙwayar da sai dai mu haƙa rami. Na yi masa bayanin sirace da guntun Larabcina da hannuwa. Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Ni da ba na son maimaici, na maimaita.

Aka mayar da ita ɗakin sanyinta, aka hana ni shiga. Abokina ne ke zuwa ya ba ta magani da abinci mai ruwa-ruwa, ni ina tsaye a tsakar gida ina ba da umarni ta taga. Allah ya sa ta warke kafin su dawo. Na gaya wa kafilina komai, daga na farko zuwa na uku. A na uku ya yi dariya har ya zauna a kan akwati, kuma ya sabunta iƙamar. Yarinyar ba ta yi dariya ba. Tun daga ranar, kullum da safe sai ta tambaye ni lafiyar jikina. Na daɗe ina jin daɗin wannan kulawa kafin in gane ba don ni take tambaya ba.

Abin da na koya shi ne, an ba ni umarni ɗaya tak, na karya shi da sunan tausayi, saboda na ɗauka abin da na taso da shi ya ishe ni. Ɗan'uwa, idan aka bar maka irin wannan dabba kuma mura ta kama ka, ina roƙonka: ka wanke hannu, ka sa takunkumi, ka nemi wani ya ciyar da ita, kada ka ba ta maganinka. Siracenka kuma, don Allah ka yi shi kai kaɗai.